Mai Magana a Tasha ta Tara

Ranar da abin ya soma babu wata alama. La'asar ta yi sanyi, inuwar katanga ta rufe rabin tsakar gida, Umma tana kwashe shanya daga igiya. A ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, wanda mijinta Injiniya ya mayar shagon gyara shekara ashirin da suka wuce, 'yarsu Auta tana zaune da oba-oba huɗu, wato rediyon magana da ba ya buƙatar sabis ɗin waya, jere a kan tebur.

Aikin na wani ƙaramin asibiti ne mai motocin ɗaukar marasa lafiya guda uku. Ƙauyukan da motocin ke shiga babu sabis ɗin waya, direba in ya tafi sai dai a zuba ido har ya dawo. Aka ce Injiniya ya gwada, ya zaɓa musu waɗanda suka dace, ya saita, ya kai ranar Litinin. Shi kuwa idonsa ya yi rauni, ƙananan lambobin allon sun daina tsaya masa, saboda haka aikin ya koma hannun Auta, wadda ta yi karatun lantarki, kuma ta fi shi taurin kai nesa ba kusa ba.

Uku daga cikin oba-oba huɗun na hannu ne. Na farko ƙarami, mara nauyi, amma batirinsa ba ya kai azahar, kuma da an shiga bayan tudu sai ya koma shuuu. Na biyu ya fi ratsa bango, ya dace da cikin asibiti, daga wannan ɗaki zuwa wancan. Na uku baƙi ne mai nauyi kamar rabin bulo, ruwa ba ya shigarsa, shi Injiniya yake yabo. Na huɗu na mota ne, mai ƙarfin wat hamsin, inda na hannun ke da biyar kacal. Domin shi suka kafa dogon ƙarfe a bayan gida suka ɗora masa eriya, suka kuma buga sandar tagulla a ƙasa saboda tsawa, a wata kusurwa da ba kowa ke zuwa ba, inda aka cike tsohuwar rijiya tun kafin a haifi Auta.

Dogo, direban asibitin, ya fita da mota mai irin na'urar, yana tsayawa duk bayan kilomita biyar.

"Dogo, kana ji na? Oba."

"Tangaram, ranki ya daɗe, kamar kina kujerar gaba. Na wuce gada. Oba."

Auta ta rubuta a takarda. Tashoshi takwas ta saka a kowace na'ura, ta gwada su ɗaya bayan ɗaya. Tana miƙa hannu ta kashe wuta ke nan, ana gab da kiran magariba, sai duka huɗun suka buɗe lokaci guda. Babu shuuu. Numfashi ne, mai nauyi, a hankali, irin na wanda ya hau tudu. A kan kowane allo lamba tara ce ta fito.

"Ku cire," in ji wata murya, tsohuwa, mai kaushi.

Auta ta dubi mahaifinta. Ta ɗauki ƙaramin ta zare batirinsa, ta ajiye batirin gefe guda. Allon ya mutu. Muryar ba ta mutu ba.

"Ku cire."

A lokacin ne dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Kwana uku aka yi a haka. Da rana gidan lafiya lau, amma da zarar hasken yamma ya soma ja, sai tsuntsayen bishiyar maƙwabta su yi tsit, kajin Umma su shige akurki tun lokaci bai yi ba. Sai jifa. Duwatsun ba na unguwar ba ne, baƙaƙe ne masu santsi, a jiƙe, alhali an yi wata biyu ba a ga ruwan sama ba. Maƙwabta suka zagaya bayan katanga da tocila, ba su ga kowa ba. Ana idar da sallar isha'i sai komai ya tsaya, kamar an tashi daga aiki.

A rana ta uku Injiniya ya zauna a bakin ƙofar shago, ya daɗe yana kallon dogon ƙarfen.

"Auta, mu sauke shi," ya ce. "Mu mayar wa mutane kayansu. Akwai masu gyara a gari."

"Baba, wa zai yi musu? Wanda ya sayar musu na bara da ba ya kai bakin kasuwa?" Ba ta ɗago daga wayar da take murɗawa ba. "Dogo ya ce watan jiya mace ta haihu a bayan mota, tayarsa ta fashe, ba yadda zai kira kowa. Jaririn bai yi rai ba. Ni ba zan sauke ba."

"Ke ba ki jin abin da nake ji?"

"Ina ji. Shi ma ya ji ni."

Da magariba ta kawo jiki, na'urorin suka buɗe kamar kullum. Wannan karon Auta ba ta jira ba. Ta ɗauki baƙin mai nauyi, ta danna maɓallin gefe, ta kai shi bakinta.

"Ko kai wane ne, wannan layin marasa lafiya ne. Ka sauka."

Ta saki maɓallin. Babu dutse ko ɗaya a ranar. Auta ta ajiye na'urar a hankali, ta juyo, sai mahaifinta ya ga idanun da ke kallonsa ba su san shi ba. Ta zame daga kujera ta faɗi.

Kwana biyu ba ta ci ba, ba ta yi magana ba. Tana zaune a ƙuryar ɗakin Umma, ta juya fuska wajen bayan gida, jikinta sanyi ƙalau kamar randa. In an kawo oba-oba kusa da ita sai ta toshe kunnuwa ta yi wani gurnani da ba na mace ba. Umma ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta ce wa mijinta ya je ya zo da malamin da ke koyarwa a masallacin bayan tasha, kada ya dawo sai da shi.

Malamin dattijo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya iso bayan la'asar ranar Asabar. Bai nufi ɗakin mara lafiya ba, sai ya ce a nuna masa abin da aka taɓa a gidan cikin kwanakin nan. Ya tsaya a gindin dogon ƙarfen, ya bi wayar da ido har inda ta sauka kan sandar tagulla. Ya tsuguna ya shafa ƙasar wurin. A jiƙe take.

"Wannan sandar mene ne aikinta?"

"Allah gafarta Malam, in tsawa ta faɗo wa eriya, ta nan wutar ke bi ta shige ƙasa."

"Dole sai nan?"

Injiniya ya girgiza kai. "A'a. Ko'ina ne, in dai ƙasar da danshi."

Malam ya yi alwala, ya sa aka shimfiɗa tabarma, Umma ta riƙe kafaɗun 'yarta. Ya soma karatu a hankali, ba ɗaga murya, ba gaggawa. Hasken taga ya yi ja, sannan ya soma dusashewa. An daɗe ba abin da ya motsa. Can sai yatsun Auta suka ƙanƙame, wuyanta ya sandare, bakinta ya buɗe, muryar tasha ta tara ta fito daga cikinsa.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"To yi magana. Me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

"Su suka zo mini. Ina cikin rijiyar nan tun babu katanga ko ɗaya a wurin nan. Suka cike ta da ƙasa, na yi shiru. Yanzu sun soke mini rufi da ƙarfe. Duk sanda yarinyar nan ta danna abin nan, sai wani zafi ya ratsa inda iyalina ke kwance. Na ce su cire, sau nawa? Ta ce in sauka. Ni!"

Malam ya juya ya dubi Injiniya. "Ka ji. A nan yana da gaskiya."

"Ban sani ba, Malam. Wallahi ban sani ba. Sandar zan cire ta yau."

"Ba sanda kaɗai ba," in ji muryar. "Dogon ƙarfen ma ya sauka. A yanka mini baƙin bunsuru a bakin rijiya. Ita kuma kada ta sake magana a cikin abin nan har ta mutu."

"Yanka dai babu," Malam ya ce, kamar mai faɗin farashin da ba a ragi. "Ba ma zubar da jini don kowa sai wanda ya halicce ni ya halicce ka. Kada ka sake tayar da wannan."

"To ina nan. Jikin ya yi mini."

Umma ce ta amsa. Ba ta saki kafaɗun ba, sai ma ta sunkuyo har goshinta ya kusa taɓa na 'yarta, ta dubi cikin idanun nan da ba na Auta ba.

"Ka saurare ni da kyau, tunda ka ce kai dattijo ne. An taɓa maka gida, an ba ka haƙuri, za a gyara. Amma wannan da kake ciki ni na ɗauke ta wata tara, ni na yi jinyar ƙyandarta, ba kai ba. Kana da iyali ka ce? To ka san abin da nake ji. Ƙarfe ba zai sauka ba, don ba namu ba ne, na matan da ke naƙuda a hanya ne. In jifa ne ka ci gaba, kwano ne, za mu sake wani. Amma 'yata za ka bar mini ita yau, ko mu kwana a nan ni da kai da Malam, mu wuni, mu sake kwana. Ni ba inda za ni."

Jikin Auta ya yi wata girgiza. Malam bai ƙara kalma a kan ta Umma ba, karatunsa kawai ya ɗauka daga inda ya tsaya, wannan karon da ƙarfi. Muryar ta yi ihu, ta yi zagi, ta yi barazana da abubuwan da Injiniya bai taɓa maimaita wa kowa ba. Umma ba ta ko ƙifta ido ba. Da aka kai wani wuri sai ihun ya karye, ya koma nishi.

"A bar mini tasha ta tara," ta ce a gajiye. "Ita kaɗai."

"Haƙƙinka kusurwar rijiya ce," in ji Malam. "Za a cire sanda, a kewaye wurin, ba mai zuba ruwan zafi, ba mai buga ƙusa. Ba ka da rabo a iska, ba ka da rabo a jikinta. Ka karɓa ko in ci gaba?"

A waje an soma kiran magariba.

"Na karɓa. A cire ina gani."

Injiniya ya fita da sauri da guduma da ƙarfen banƙara. Sandar da ya buga cikin minti goma sai da ya yi gumi sharkaf kafin ta motsa, kuma da ta fito, rabinta na ƙasa ya yi baƙi ƙirin kamar an gasa shi. Ya shigo da ita ya ajiye a bakin ƙofa. Malam ya sa muryar ta yi rantsuwa sau uku cewa ba za ta dawo ba, ta yi. Sai ƙafar hagun Auta ta miƙe, babban yatsan ya yi karkarwa, ta yi atishawa mai ƙarfi har sau uku, ta sulale a jikin mahaifiyarta.

Sai a sannan Umma ta yi kuka.

Washegari da hantsi Injiniya ya buga sabuwar sanda a ɗaya gefen gidan, kusa da magudanar ruwa, bayan Malam ya yi bismillah a wurin. Yana cikin ɗaure waya sai ya ji motsi a shago. Ya leƙa. Auta ce zaune a kujerarta, lulluɓe da zanen Umma, fuskarta ta faɗa, hannunta a kan mita mai allura da take auna eriya da ita.

"Haba Auta. Ki kwanta. Zan roƙe su su ƙara mana mako guda."

"Gobe Litinin, Baba." Muryarta a dishe take. "Kun canja wurin sanda, dole in sake awo. Ƙaramin nan a mayar da shi, ba shi da amfani. Mai ratsa bango guda huɗu na ma'aikatan jinya. Baƙin naka na direbobi in sun sauka daga mota. Ka yi gaskiya a kansa."

Umma ta tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi, ta dubi mijinta, ta girgiza masa kai alamar ya ƙyale ta.

Auta ta jawo makirfon na'urar mota. Ta riƙe shi ɗan lokaci, babban yatsanta a kan maɓalli bai danna ba. Sannan ta danna.

"Dogo, kana ji na? Oba."

Shuuu na ɗan lokaci, sai muryar mutum, mai fara'a, da ƙarar inji a bayanta.

"Alhamdu lillahi! Ranki ya daɗe, ashe kin tashi! Ina kilomita talatin da biyar, bayan dutsen nan da ko rediyon mota ba ya kamawa. Ina jin ki sarai. In juyo? Oba."

Auta ta rubuta lambar a takarda, ta ja layi a ƙarƙashinta.

"Kada ka juyo," ta ce. "Akwai ƙauye biyu a gabanka. Ƙara gaba. Oba."