Wanda Ya Riƙe Linzami

Ranar Laraba ce, ruwa ya ɗauke gab da magariba. Wani mai hoto na bayan barga yana fama da farin dokin kawunsa, dokin ya ƙi tsayawa a ɗauke shi hoto.

Sai ga wani tsoho. "Ɗana, kawo linzamin in riƙe maka."

Doki ya tsaya cak, jikinsa na ɓari. Mai hoto ya leƙa kyamara, ya ga linzami a miƙe, babu hannun kowa. Ya ɗago, tsohon na murmushi, babu sawunsa a taɓo.

"Ɗauka mana. Ko ban fito ba?"

Mai hoto na kallo tsohon ya ja dokin cikin duhu.

An rasa doki ɗaya, linzami ɗaya, da muryar mai hoto ta kwana tara.