Farin Zare Shida

Ruwa ne ya koro Torquil MacLuran cikin rumfar Ishbel Gunn, ranar wasannin bazara a bakin tafki. Ya gama jifan gungumen itace ke nan, ya zo na uku, sai ga shi tsakiyar gyalulluka da barguna na ulu waɗanda ta saƙa da hannunta, kansa yana dungurin rufin rumfar.

"Kai dogo, matsa can. Kana ɗiga mini ruwa a kan kaya."

"Yi haƙuri. Fakewa kawai na zo yi."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan kilt ɗinsa, zanen maza mai tattara, wanda ya kamata ya sauko gwiwa amma ya gaza.

"Wannan ba naka ba ne."

"Na kakana ne."

"Allah ya ji ƙansa, gajere ne."

Torquil ya yi dariya har sai da ya dafa sandar rumfar. Ruwa ya ɗauke, shi bai ɗauke ƙafarsa ba. Ya sayi gyale ɗaya, ya ce na mahaifiyarsa ne. Ya dawo ya sayi na biyu, ya ce na gwaggonsa ne. Da ya dawo karo na uku, Ishbel ta rubuta masa lambarta a jikin takardar naɗe kaya, ta ce ya bar wa sauran jama'a abin saye.

Washegari saƙo ya shigo: "Masaƙiya, gwaggona ta ce gyalen ya yi. Ni kuma na ce mai gyalen ta fi."

Ta amsa: "Dogo, ka je ka nemi zane daidai tsawonka tukuna."

Ishbel tana da shekara huɗu teku ta cinye mahaifinta da jirginsa na kamun kifi. Mahaifiyarta, Effie, da masaƙa ɗaya ta rene ta, da ita ta kai ta har jami'a ta karanta saƙa da rini. Da ta dawo ƙauye, aka yi ta cewa birni ne ya fi ƙarfinta. Ta share tsohon garejin gidansu, ta kafa masaƙarta kusa da ta uwarta.

Wata biyar suna tare, Torquil ya kai ta gida cin abinci. Mahaifiyarsa, Jessie, ta dafa miyar sha'ir da naman rago. Mahaifinsa, Murdo, shi ne dattijon ƙungiyar dangin MacLuran, kuma bai bari an zauna ba sai da ya kai baƙuwa gaban wani tsohon ƙyalle da ke rataye cikin gilashi a bangon falo: tartan ɗin danginsu, wato saƙa mai layi-layi da kowane dangi ke da irin tasa, ja da shuɗi, da siririn farin layi yana ratsa su.

"Shekara ɗari shida kakanninmu suna sa wannan," in ji shi.

Ishbel ta matsa har numfashinta yana taɓa gilashin. Ta daɗe tana kallo, leɓunanta suna motsi.

"Baba, saƙar ta yi kyau ƙwarai. Amma ba ta wuce shekara ɗari biyu ba. Yawancin zanukan dangi a lokacin nan aka tsara su, masu masaƙu suka raba mana. Har da namu na Gunn."

Torquil ya rufe ido. Jessie ta ce miya za ta huce.

A kan tebur Murdo bai ɗaga kai daga kwanonsa ba. Can ya ce, "A gidan nan, amarya tana cire zanen gidan ubanta a ƙofar coci, mu ɗaura mata namu."

"Naku zan karɓa da hannu biyu," in ji Ishbel. "Amma wanda mahaifiyata ta saƙa mini da launin mahaifina, ba zan cire shi a ƙofar kowa ba."

"To ba za ki shigo ta ƙofar nan ba."

Ta ajiye cokali, ta gode wa Jessie, ta fita da kanta a miƙe. Ta shiga mota ta tafi.

Torquil ya turo mata saƙo: "Zuciyata, Baba zai sauko. Da kin bar masa ɗari shidansa."

"Tambayata ya yi da ido, na ba shi amsa. Ba zan fara zama da ku da ƙarya ba."

"Ni dai ina nan."

Amma da lokacin haihuwar tumaki ya zo, Murdo ya tura shi gonarsu ta kan dutse, inda waya ba ta kamawa sai an hau tsauni. Ana haka wata safiya Rhona ta shigo garejin. Ita ma 'yar MacLuran ce, 'yar aminin Murdo, kuma kowa ya san tun tuni dattijon ita yake yi wa ɗansa sha'awa.

"Gyale nake so, irin na amare, da tartan ɗinmu. An ce kin iya." Ta ajiye guntun ƙyalle na kamfani. "Ga samfur."

"Bikin wa?"

"Za ki ji."

Effie ta tsayar da masaƙarta. Bayan Rhona ta fita ta ce, "Ki mayar mata da tsummanta."

"A'a, Mama. Aiki aka kawo."

Ta rubuta wa Torquil layi ɗaya, "Allah ya sanya alheri," ta kashe wayar, ta jefa ta cikin kwandon zare.

Mako uku ta yi a kan gyalen. Samfurin kamfani farin zare huɗu ne a layinsa. Ita kuwa ta ƙirga na cikin gilashin nan, shida ne, kuma jan ya fi duhu. Ta ture samfurin gefe, ta rina zarenta da kanta har sau uku kafin jan ya fito yadda ta gan shi. Wani lokaci hawaye ya hana ta ganin zare, sai ta goge da bayan hannu ta ci gaba.

"Wahalar me kike sha a kan kayan kishiyar hanya?" in ji Effie.

"Ko wa za a ɗaura wa, ba za a ɗaura mata kuskure daga hannuna ba."

Ranar da Rhona ta karɓi gyalen, da rana tsaka Torquil ya faɗo garejin, takalmansa duk taɓo, yana warin tumaki.

"Alherin me? Mako uku ina hawa tsauni ina kiranki!"

"Ka tambayi amaryarka. Yanzu ta fita da gyalenta."

"Wace amarya? Wallahi tumaki ɗari uku kaɗai na gani, kuma ba wadda na yi wa alkawari."

Effie ce ta fara fashewa da dariya. Ishbel ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

"Fita ka wanke ƙafarka, Dogo."

"Sai kin ce kin yarda da ni."

"Na yarda. Fita."

Ashe babu wani biki. Rhona taron dangi na shekara take shirya wa, tana son Murdo ya gan ta da shigar amare ko zai ƙara matsa wa ɗansa. A wurin taron ta lura farin layin gyalenta ya fi na kowa faɗi. Ta nufi dattijon a gaban mutane.

"Baba, dubi abin da 'yar Gunn ɗin nan ta yi wa tartan ɗinmu. Ko ƙirga zare ba ta iya ba."

Murdo ya sa tabarau, ya kai gyalen bakin taga, ya bi layin da farcensa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Shekara talatin yana rubuta wa masaƙu wasiƙa cewa zare shida ne, suna amsa masa da cewa huɗu ne a littafinsu.

"Wane samfur kika ba ta?"

"Na kamfani."

Ya cire tabarau, ya nemi makullin motarsa.

Ishbel tana kan masaƙa ya shigo, gyalen a hannunsa, Jessie a bayansa.

"Yarinya, ina kika samo shida?"

"A bangon falonka, Baba."

"Sau ɗaya kika gan shi."

"Na dai kalle shi sosai."

Ya zauna a kan buhun ulu. "'Ya'yan cikina sun girma a gaban ƙyallen nan, ba wanda ya taɓa ƙirga shi. Ke da kika ce ba shi da tarihi..."

"Ban ce ba shi da tarihi ba. Wata mata ce ta zauna ta saƙa shi, kuma gwana ce. Wannan bai isa abin alfahari ba?"

Murdo ya shafa gyalen. Can ya ce, "Ɗari shida dai."

"Ɗari biyu."

"Ku raba, ɗari huɗu," in ji Jessie. "Murdo, faɗi abin da ya kawo ka."

Ya yi gyaran murya. "Namu a kafaɗa. Na mahaifinki a ƙugu. Kada ki cire komai."

An ɗaura auren cikin watan Satumba a ƙaramin cocin bakin tafki. Rhona ma ta zo, ta yi rawa da mai algaita har ta manta da kowa. Ishbel ta shigo da tartan ɗin Gunn, kore da baƙi, ɗaure a ƙugunta. A ƙofar coci Murdo ya yafa mata sabon gyalen da ta saƙa wa kanta, ya maƙale shi da fil ɗin azurfa, Effie tana taya shi.

"Maraba da zuwa gida, 'yata," in ji shi.

Torquil ya sunkuyo ya raɗa mata, "Kin yi kyau, Masaƙiyata."

Effie ta kama hannuwansu biyu ta haɗa. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ya tsare ku a tudu da teku, ya sa ku tsufa tare."

Coci ya ɗauka da amin, masu algaita suka busa, aka fito da su cikin rana.