Fanken Ranar Maryamu

"Ka bar aikin nan, Uwais! Abba ya rantse ba zai ba direban gidan Kirista 'yarsa ba..."

"Khalida, hasken idona, da na yi hatsari tsohuwar gidan ce ta yi jinyata. Da wane ido zan dube ta?"

Khalida ta kashe wayar, ta kifa kai tana kuka.

Uwais direban wani injiniya ne ɗan Italiya a Riyad. Wani ne ya hango shi yana shigar da icen Kirsimeti gidan, ya kai wa mahaifinta tsegumi har kasuwar Aziziya.

Ran takwas ga Disamba, bayan la'asar, aka buga ƙofar su Khalida a unguwar Al-Shifa. Sai ga tsohuwar Baturiya cikin abaya, riƙe da tire cike da wani soyayyen abu, Uwais na bayanta kai a sunkuye. Rozariya ce, mahaifiyar injiniyan.

Khalida ta laɓe bayan labule tana saurare.

"Yau ranar Maryamu ce a wurinmu," in ji tsohuwar da gurgun Larabci. "Da ita muke buɗe Kirsimeti. A ƙauyenmu akan kafa ice, a hura wuta a dandali, a soya wannan, iyali su taru. Na duba 'ya'yana, na ga ɗaya, Uwais, ya kasa cin abinci."

Abba ya ɗaure fuska. "Addininmu daban, Hajiya... au, Madam."

"Na sani! Kullum sai ya ajiye ni ƙofar masallaci ina gasuwa a mota. Ranar icen ma sai da ya tsaya salla." Ta dubi Uwais. "Uwarsa ta rasu. Shi ya sa na tako da ƙafata."

Rozariya ta ajiye tiren a tsakiyar falon. Umma ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya ta gutsura.

"Alhaji... wallahi fanke ne!"

Dariya ta kuɓuce wa Abba. Ya daɗe yana kallon Uwais, sannan ya nisa.

"Ka turo manyanka ranar Juma'a. Ita ma ta zo."

Khalida ba ta san sadda ta fito ba. Ta durƙusa ta kama hannuwan tsohuwar, duk tabon ƙunar mai.

"Na gode, Mama... Allah ya saka miki..."

Rozariya ta share mata hawaye da gefen mayafinta.

"Ya isa, amarya. Ci tun da zafi."