Motar Ungozoma Ba Ta Son Ruwa

Ruwan safe bai daɗe da ɗaukewa ba aka kira ofishin 'yan sanda daga kamfanin sayar da motoci, aka ce an sace mota a ƙofar kamfanin.

Sufeto ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗauki hula, ya ce da Kofur, "Tashi mu je. Yau ɓarawo ya shiga gidan masu mota."

Manajan kamfanin ne ya tarbe su a bakin ƙofa. Mutum ne sanye da fararen kaya tas daga hula har takalmi, ya ɗora kwat mai dogon hannu duk da zafin da ya biyo bayan ruwan.

"Yallaɓai, ba sai ka wahala ba," in ji Manaja. "Na san wadda ta ɗauka. Mai motar ce da kanta."

"Mutum ya saci kayansa?"

"Ai ba ka san matar nan ba. Wata ungozoma ce. Ta sayi ƙaramar jif a wurinmu da garanti, ta lalata ta da tuƙin ganganci, ta dawo tana cewa mu canja mata. Muka duba, lafiyarta ƙalau. Shi ne ta kawo motar ta girke mana a nan, ta liƙa mata kwali mai rubutun ɓata mana suna, kullum ta zo da kujera da lema ta zauna tana kore mana masu saye. Yau injiniyan hukumar kare masu saye zai zo duba motar. Ta san asirinta zai tonu, shi ne ta gudu da ita."

Sufeto ya juya. Ya kira maigadi, wani dattijo mai yawan kallon ƙasa.

"Baba, yaushe ka ga motar a ƙarshe?"

"Tana nan har ruwa ya ɗauke, ranka ya daɗe. Sai na ga wata mata da lulluɓi ta shiga ta ja."

Sufeto ya tsuguna a gurbin motar. Ya dafa ƙasa, yatsunsa suka nutse cikin taɓo.

"Baba, in mota ta tsaya har aka gama ruwa, ƙarƙashinta yakan jiƙe haka?"

Maigadi ya dubi Manaja, ya dubi ƙasa, ya ce idonsa ba ya gani sosai.

"Amma ya ga lulluɓi," in ji Kofur.

Suna cikin haka sai ga wata mata ta sauko daga motar haya, kujerar roba a hannu ɗaya, lema a ɗaya. Gajeruwa ce, ta manyanta, amma tafiyarta ta mai sauri ce. Ta tsaya ta dubi gurbin motar. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta dasa kujerarta a tsakiyar taɓon ta zauna.

"Ina motata?" ta tambayi Manaja.

"Ke za a tambaya!"

Sufeto ya matso. "Mama, ina kike da sassafe?"

"Ina inda nake kullum, ɗan nan, tsakanin mace da mutuwa. 'Yan biyu na karɓa. Je ka asibitin bayan kasuwa ka tambaya, uwar na nan kwance."

"Makullin fa?"

Ta zaro shi daga wuyanta, yana rataye da igiya. "Ga shi. Ɗaya suka ba ni. Ɗayan kullum gobe, kullum gobe, har goben ta tsufa."

"Mene ne ciwon motar?"

"Ba ta son ruwa. Da yayyafi ya taɓa ta sai injin ya mutu, ƙofofi su kulle kansu, gilashi ya ƙi sauka. Ta yi mini haka da mai naƙuda a kujerar baya. A cikin motar na karɓi haihuwar, muna kulle kamar kaji a akurki, sai da jama'a suka ɓalle ƙofa. Na zo na faɗa masa, ya ce wai ban iya mota ba, wai garanti ba ya ɗaukar jahilci."

"Yallaɓai, ka tafi da ita ofis," in ji Manaja. "In ta ga ɗakin tsaro za ta tuna inda ta kai ta."

Ungozoma ta buɗe lemarta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai yaro, manya irinka nawa na riƙe da ƙafa suna tsala ihu ba wando? Ba ka isa ka tsorata ni da ɗaki ba. Ko an kulle ni, injiniya zai zo ya tarar da kujerata a nan."

Sufeto ya danne dariya. Amma ya san abin ba na dariya ba ne. In motar ba ta fito ba, ƙarar da matar ta kai hukuma ta mutu, kuma ita za a tuhuma da ɓoye motar.

Kafin rana ta take, 'yan sintiri suka yi waya. An ga wata ƙaramar jif a kan hanyar da ta bi bayan kamfanin zuwa rumbunan ajiya, a wani kwari da ruwa ke taruwa.

Da suka isa, motar na tsaye a karkace. Ruwa ya janye, amma ya bar layin taɓo har kusa da mariƙin ƙofa. Ana hango kwalin Ungozoma a cikin but, wurin kaya na bayan motar, an naɗe shi. Ƙofofi duk a kulle, gilashin gefen direba a fashe.

"Ɓarawo ya fasa ya shiga," in ji Kofur.

"Duba kujera. Ka ga ɓaraguzan gilashi?"

Kofur ya leƙa. "Babu sosai, Yallaɓai. Duk suna waje cikin taɓo."

"To ba shiga ya yi ba, fita ya yi. Da makulli ya shiga, ruwa ya ritsa da shi, motar ta kulle shi kamar yadda Mama ta faɗa."

A bakin gilashin akwai busasshen jini. Sufeto ya zura kai ciki, sai ya ga wani abin mamaki. An shimfiɗa farar leda a kujerar direba, an ja ta tsaf har kan majingina.

"Kofur, tun da kake aikin nan ka taɓa ganin ɓarawon da ya shimfiɗa leda kafin ya zauna?"

"Sai dai ɓarawo mai tarbiyya, Yallaɓai."

"Kira motar janwe ta ja ta zuwa kamfani. Kada kowa ya taɓa ledar nan."

A garejin kamfanin, Sufeto ya tarar da babban bakanike yana goge hannu da tsumma. Ga naɗin farar leda rataye a bango, irin ta cikin motar.

"Wannan ta mece ce?"

"Dokar gida ce, Yallaɓai. Duk wanda zai shiga motar wani sai ya shimfiɗa, don kada kayan aikinmu su ɓata kujera."

"Motar Ungozoma tana da matsala?"

"Ni ban ga komai ba." Ya faɗa yana kallon ƙofar ofishin Manaja.

"Nuna mini hannuwanka."

Ya miƙa. Baƙin mai ne kawai da tsofaffin tabo, babu sabon yanka. Sufeto ya juya kamar zai tafi, sai ya waiwayo kamar mai hira.

"Ni ma ina sha'awar irin jif ɗin nan. Amma in ta kulle mutum a ciki, yaya zai yi?"

"Ai da sauƙi. Ka kwantar da kujerar baya, ka rarrafa but, akwai wani ɗan mariƙi a..." Sai ya yi tsit.

"Ka ce ba ka ga komai ba, amma ka san maganin."

Bakanike ya sunkuyar da kai. "Ina da iyali, Yallaɓai."

"Riƙe iyalinka. Wanda ya san hanyar but ba zai fasa gilashi da hannunsa ba."

Yana fitowa wayarsa ta yi ƙara. Shugaban ofishinsu ne.

"Sufeto, mota ta fito, magana ta ƙare. Manajan nan mutumin kirki ne, ya kira ni. Ka kawo matar ta yi bayani, ka bar kamfanin mutane ya yi kasuwa."

Sufeto ya hango Ungozoma ta gilashin ɗakin nuni. Tana zaune cikin rana a ƙarƙashin lemarta, ba ta ko runtsa ba tun daga ɗakin haihuwa.

"Ranka ya daɗe, zan kawo wanda ya ja motar. In ita ce, zan kawo ta. In ba ita ba ce, sai dai a aiko wani ya karɓi hulata."

Ya kashe wayar kafin a ba shi amsa.

Injiniyan hukuma ya iso da jakarsa. Sufeto ya tara kowa a filin wankin mota. Ya nuna wata sabuwar jif, 'yar'uwar ta Ungozoma, da aka fito da ita daga ɗakin nuni.

"Manaja, ka ce motocin nan ba su da aibu."

"Ko a gaban alƙali zan maimaita."

"Madalla. Shiga ka tayar da wannan, ka rufe ƙofa. Kofur zai watsa mata ruwa da mesa. In ba ta yi komai ba, da hannuna zan tafi da Mama."

"Na yarda," in ji Ungozoma. "In ta yi lafiya, a sa mini ankwa biyu."

Manaja ya yi murmushin yaƙe. "Wannan wasan yara ne. A sa bakanike."

"Kai ka yi rantsuwa, kai za ka shiga."

Ido ya yi masa yawa. Ga injiniya, ga ma'aikata, ga masu saye sun taru. Ya buɗe ƙofar motar. Kafin ya zauna, sai ya miƙa hannu baya ba tare da ya duba ba, ya ce, "A ba ni leda."

"Sabuwar mota ce fa," in ji Sufeto. "Me za ka ɓata mata?"

Wani mai wanki ya yi subul da baka. "Ai Manaja ba don kujera yake sawa ba, don fararen kayansa ne. Ko benci ba ya zama babu leda."

Hannun da ya miƙa ya sa kwat ɗin ta zame. Farin bandeji ya leƙo daga wuyan hannu, da jan ɗigo a tsakiya. Manaja ya yi sauri ya ja hannun riga, ya faɗa kujera, ya rufe ƙofa, ya tayar da injin.

"Kofur, saki ruwa."

Ruwa ya fara dukan gilashin gaba. Ba a jima ba injin ya yi tari ya mutu. Kowa ya ji ƙarar ƙofofi sun kulle kansu, ƙwas!

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Manaja ya fizgi mariƙin ƙofa, ya danna maɓallin gilashi, ya shiga dukan taga da tafin hannu. Idanunsa suka firfito.

"Ku buɗe! Ku kashe ruwan! Ba zan sake ba! Ɗazu saura kaɗan in mutu a kwarin can!"

Sufeto ya ɗaga hannu, Kofur ya kashe mesa.

"A wane kwari, Manaja?"

Babban bakanike ne ya matsa jikin taga yana koya masa da ƙarfi: ya kwantar da kujera, ya rarrafa, ya laluba mariƙi. Manaja ya fito ta but da rarrafe, hula ta faɗi, gwiwoyin farin wandonsa sun yi baƙi. Ya zauna a ƙasa cikin ruwan wanki, bai nemi leda ba.

"Ni na ɗauke ta," ya ce. "Ɗayan makullin na wurina. Na so in kai ta rumbu a canja akwatin wutarta, in dawo da ita kafin injiniya ya zo. Hadari ya riga ni. Da ta maƙale, na ce gara laifin ya hau kanta, na sa maigadi ya ce mace ya gani."

"Me ya sa ba ka gyara mata tun farko ba?"

"In na gyara tata da garanti, na amsa laifin sauran. Ambaliya ta shanye su duka a rumbu. Uwar kamfani ta ce a mayar, ni kuwa na sa aka wanke, na sayar a matsayin sababbi."

Injiniya ya rufe jakarsa. "Duk wadda aka sayar za a dawo da ita. Ta Mama ce farko."

Maigadi ya durƙusa gaban Ungozoma yana neman gafara. Ta ce ya tashi, tsoro ne ya yi magana da bakinsa. Sannan ta dubi Manaja.

"Ka ce ban iya mota ba. Ni da ta kulle ni, rai na fitar daga cikinta. Kai ko kanka ka kasa fitarwa."

Kofur ya ɗaura masa ankwa a hankali saboda bandejin, ya kai shi motar 'yan sanda. Yayyafi ya soma sauka. Manaja ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ja da baya daga bakin ƙofa.

"Shiga abinka, kada ka ji tsoro," in ji Ungozoma. "Tasu ba ruwa ke kulle ta ba, da gangan ake yi."

Sufeto ya ce, "Mama, zo mu sauke ki gida ki huta."

Ta gyara zama a kujerarta, ta ɗaga lema sama.

"Je ka, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. A motar haya na zo, amma a motata zan bar ƙofar nan. Kuma sai an yi mata wanka a gabana."