Motar Felix Sai Da Turi

"Clara, don Allah zo ki riƙe min sitiyari..."

Clara ta tsaya cak a bakin ƙofar coci. An tashi daga sujadar safe, harabar ta cika da jama'ar Samaru, kuma kowa ya ji yadda motar Felix ta yi tari ta yi shiru.

"Ni?"

"Ke mana, Zuciyata. Ki taka kuloci, ki sa giya ta biyu. Ni zan tura, in na ce saki sai ki saki. Shi ke nan."

"A gaban mutane? Da wannan leshin a jikina?"

Ya yi murmushi yana naɗe hannun riga. "To ai ke zama za ki yi, ni ne mai gumi."

'Yan mata suka tuntsire da dariya. Wani dattijo ya ce, "Ango, ko mu kira maka 'yan gwangwan?"

Kunya ta rufe Clara, ta juya baya.

Stephanie, ƙawarta a ƙungiyar mawaƙa, ta miƙo mata jakarta. "Riƙe min, bari in fitar da ke kunya."

Stephanie ta shige motar. Felix ya tura, motar ta zabura ta tashi da hayaƙi, mutane suka tafa.

Felix malamin firamare ne a Palladan, kuma saura watanni kaɗan aurensa da Clara. Motar tsohuwar 'yar Kwatano ce da ta bi hannaye da yawa, mitarta ta haura kilomita dubu ɗari uku. Saboda mahaifinsa ya saye ta. Tsohon na fama da ciwon baya, kowace Laraba sai an kai shi asibiti a Shika, ga shi ba ya iya hawa babur. Duk ƙarshen wata Felix kan kai ta wurin bakanike a Chikaji a gyara abu ɗaya. An canza baƙin mai da fulogi, an yi birki, an wanke lagireto. Kik ɗin da ke tayar da ita dai yana jiran layinsa.

"Ba ta mutu ba, Clara, tsufa ta yi," yakan ce. "Injinta lafiya lau. A hankali za a bi ta."

Amma Mama, mahaifiyar Clara, ba ta ga haka ba.

"A wannan akwalar za a ɗauko min 'ya ranar aure? Ko matan zumunta ne za su turo ki har coci? Yesu ya tsare!"

Stephanie ma ta zo da tata shawarar, tana yi wa Clara kitso.

"Ƙawata, ki ja ajinki. Wallahi in kika shiga ta sau ɗaya, kin zama 'yar tayin turi har abada. Ki ce masa ko ke ko ita. Yadda yake son ki, cikin sati zai sayar."

Da yamma Felix ya zo zance. Ya ajiye motar a kan gangare kamar kullum, ya tokare taya da dutse.

"Ka sayar da ita, ko a ɗaga auren."

"In na sayar, da me zan kai Baba Shika?"

"Ka ɗauki shatar keke napep."

"Bayansa ba ya jure girgiza, kin sani."

"To ka zaɓa!"

Ya girgiza kai. "Babu abin zaɓa a nan, Zuciyata. Mutum biyu kawai motar take so, ɗaya a sitiyari, ɗaya a baya. Ni na ɗauki bayan..."

"Sai ka nemi mai riƙe maka."

Ba ta so ta faɗi haka ba, amma ta riga ta faɗa. Felix ya miƙe, ya leƙa ya yi wa Mama sallama, ya cire dutsen ya gangara.

Aka ɗaga auren.

Clara ta zauna jiran ya zo biko. Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya zo ƙofar gida, Mama ta ce ba ta nan. Duk sanda zuciyarta ta karaya, sai Stephanie ta ce, "Ki ƙara daurewa, ya kusa." A hankali kiran ya ragu, har ya tsaya.

Damina ta wuce. Wata Asabar Clara ta kasa jurewa, ta hau keke napep zuwa Chikaji ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Ta same shi a garejin, hannunsa duk baƙin mai. Bakaniken ya rufe bonet, Felix ya murɗa makulli, motar ta tashi nan take.

"Ta tashi da kanta!"

Ya waigo. "Clara... Sannu da zuwa. Kik ne ya rage, yau aka sa."

"Felix, na zo ne in ce ka yi haƙuri. Na yi wauta. Ba sai ka sayar ba, na yarda da ita, na yarda da komai..."

Ya kashe motar ya fito, yana goge hannu da tsumma.

"Da ma yau nake shirin zuwa gidanku. Ban so ki fara ji a coci ba. Gobe Fasto zai karanta sanarwar aurena."

"Da wa?"

"Stephanie."

"Stephanie?! Ita ce fa ta ce in..."

"Ko me ta ce miki, Clara, ke ce kika zaɓi ji." Babu faɗa a muryarsa. "Duk Laraba tana tasowa daga Sabon Gari da sassafe ta riƙe min sitiyari. Ita ke zama da Baba a layin asibiti in na koma makaranta. Ranar da muka maƙale a ruwa a hanyar Shika, ita ta cire takalmi ta tura, ni na zauna. Baba ya saba da ita." Ya sunkuyar da kai. "Ni ma na saba."

"Ba ka sona kuma?"

"Kada ki tambaye ni wannan, don Allah."

Hawaye ya zubo mata. Ta jira ya kira ta da sunan da ya saba kiranta. Bai kira ba.

"Allah ya sa albarka," ta ce da ƙyar.

"Amin. Ki kula da kanki."

Ta iso gida ta tarar da Mama tana tsince shinkafa a tsakar gida. Kallo ɗaya Mama ta yi wa idanunta ta gane inda ta je.

"To? Me ya ce? Ya sayar?"

"Ya ce in gaishe ki."

Mama ta ajiye tiren. Clara ta zauna a gefenta ta gaya mata sauran, ba ta ɗaga murya ba. Mama ta kamo hannunta.

"Gobe ki zauna a gida, 'yata. Zan ce ba ki da lafiya."

Clara ta share fuska da gefen ɗankwali.

"Zan je, Mama. Ni ce zan ja waƙar farko."