Bututun Iskar Motar Auta

Sai da aka rufe ƙofar gareji sannan Oga Ƙusa ya faɗi dokarsu. Yana zaune a kan wata tsohuwar taya, yana sakace haƙori da tsinken ashana.

"Duk wanda ya taɓa mana inji, da shi ake fita aiki. Haka muke yi. In mota ta mutu a hanya, ka ga ba sai mun sha wahalar neman wanda ya kashe ta ba."

Maigareji bai ɗago kansa daga cikin bonet ba. Ƙaninsa Auta, direban ƙungiyar 'yan fashin, ya fara cewa ai Yaya ba abin da ya sani sai sifana, a bar shi a garejinsa. Ƙusa ya dube shi kawai, maganar ta mutu a bakinsa. Na ukunsu, wanda ake kira Gwangwani saboda bakinsa ba ya hutawa, ya tuntsire da dariya ya ce gara ma a fita da Yaya ya ga gari, mutum kullum kwance ƙarƙashin mota sai ka ce ƙadangare.

Maigareji ne ya raini Auta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya fara ɗora hannunsa a sitiyari. Da yaron ya shiga wannan harka, ba irin faɗan da bai yi ba. Ya yi duka, ya yi lallashi, ya haɗa shi da Inna, har kuka ya yi masa. Daga baya ya daina. Zuciyarsa ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ko ka tsunkule ta ba ta ji. Abu ɗaya ya rage masa: tunda ya kasa hana Auta fita, to ya yi masa motar da za ta riƙa dawo da shi gida.

Motar baƙa ce, mai turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, amma Auta na ƙorafin cewa in ta yi zafi sai ta yi sanyin jiki. Maigareji ya san ciwon. Inji numfashi yake yi kamar mutum, ita kuwa iskar da ke cikin bonet dafaffiya ce. Ya kwance akwatin matatar iskar da kamfani ya sa, ya jefar a kwana. Ya kawo bututu mai faɗi, ya lanƙwasa shi ya bi gefen lagireto, ya gangaro da shi can ƙasa bayan bamba, inda iska mai sanyi ke dukan mota in tana gudu. A bakin ya ɗaura sabuwar matata ya matse ta da zobe. Ya san bututun da ke ƙasa haka ba ya shiri da ruwa, kowane bakanike ya sani. Amma an daɗe ko yayyafi ba a yi ba, kuma ƙarfin gudu yake nema wa ƙaninsa.

Auta ya murza makulli ya taka totur. Turbo ya yi fito, gwangwanayen mai suka yi rawa a kan kanta.

"Yaya, hannunka ba na mutane ba ne," in ji Auta, yana murmushi irin na lokacin da yake yaro.

Maigareji ya goge hannu da tsumma ya ce a kashe, mai na ƙonewa.

Washegari da la'asar suka tsaya a ƙofar wani kantin sarin wayoyi. Ƙusa da Gwangwani suka ja hula suka rufe fuska, suka shiga. Auta ya bar inji a kunne. Maigareji na kujerar baya cikin kayan aikinsa, hannuwa a kan gwiwa, yana kallo ta gilashi kamar mai kallon talabijin ɗin maƙwabta. Ya ga maigadi ya kwanta rubda ciki. Ya ga matar da ke karɓar kuɗi ta ɗaga hannu sama, bakinta na motsi, takalminta ɗaya ya fice. Ya jira ya ji tausayi ko tsoro, bai ji komai ba.

Sai ɗigo ya faɗo a gilashin gaba. Wani ya biyo shi. Ya leƙa sama, ashe tun ɗazu hadari ya haɗu a bayan dogayen gine-gine. Kafin a yi haka ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Harbi ɗaya a cikin kanti — ƙofa ta buɗe — su biyun suka faɗo mota da jakunkuna.

"Ja mu!"

Auta ya ja. Motar ta yi tsalle, turbo na fito. Kwana ta farko — ta biyu — wani mai kura ya watsar da kayansa ya haye dakali. A bayansu jiniya ta tashi. Motar sintiri ce da ta fake wa ruwa a gidan mai, aka yi rashin sa'a ƙarar harbin ta iske ta.

Kuma aikin Maigareji ya yi. A miƙaƙƙen titi fitilun 'yan sanda suka dinga ƙanƙancewa, har Gwangwani ya juya yana yi musu gwalo yana cewa su koma su sayo jaki. Waifa na kai da kawowa ba ta cin ruwan. Auta ya kama hanyar da suka tsara, wadda ke bi ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa.

Maigareji ya hango gangaren. Ruwa ya riga ya kwanta a ƙasan gadar, ja-ja-wur, leda na yawo a kai.

"Auta, kar ka shiga. Bututun na ƙasa, zai sha ruwa."

Auta ya ɗaga ƙafa daga totur. Ƙusa, da ke gaba kusa da shi, ya dafa masa bakin bindiga a haƙarƙari ya ce wannan ɗan ruwan ko akuya ta tsallake shi, in ya juya hannun 'yan sanda zai kai su.

Suka shiga. Ruwa ya tashi ta gefe biyu. Maigareji ya ji lokacin da abin ya faru, kunnensa ya san sautin: inji ya yi tari sau ɗaya, wani ƙarfe ya buga daga ciki — kwas! — shi ke nan. Shiru, sai ruwan sama a kan rufi.

Auta ya murza makulli. Ya sake murzawa. Maigareji ya san aikin banza ne, ruwa ya cika fistin ɗin inji, ko shekara zai yi ba za ta juya ba.

Gwangwani bai tsaya sallama ba. Ya suri jakunkunan duka biyu, har da ta Ƙusa, ya ɓalle ƙofa ya faɗa ruwa. Ƙusa ya ƙunduma masa ashar, sannan ya juyo da bindiga kujerar baya.

"Kai ka sayar da mu, tsoho."

Maigareji ya dubi ramin bindigar. Bai kauce ba. Auta ne ya saki sitiyari ya cafke hannun Ƙusa da hannu biyu, ya janyo shi ƙirjinsa. Suka yi kokawa a ɗan wurin nan tsakanin giya da kujera. Ƙarar harbi ta cika motar, Auta ya sulale a kan kujera.

Ƙusa ya fizge hannunsa ya fita. Bai yi nisa ba, 'yan sanda sun riga sun tsaya a saman gangare, suka buɗe masa wuta ya kife a ruwa. Gwangwani kuwa nauyin jakunkuna ya hana shi hawa bangon gada, suka zare shi daga can yana rantsuwa cewa shi fasinja ne. An ce maigadin kantin da suka harba ma bai kai asibiti ba.

Da suka buɗe ƙofar baya, sun tarar da Maigareji ya zura hannuwa ta gefen kujera ya rungume ƙaninsa, ruwa ya kai musu ƙauri. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsunsa. Ganin kayan aiki a jikinsa, ga furfura, ga shi ba makami, wani sajan mai tumbi ya ɗauka sato shi aka yi. Ya zaunar da shi a gefen titi, ya ce ya gode wa Allah, Baba, ya auna arziki.

Aka janyo motar da igiya. Sajan ya ɗaga bonet ya bi bututun da ido har ƙasa, ya girgiza kai ya tambayi yaransa wane mahaukacin ne ya yi wannan aiki.

Maigareji ya miƙe ya zo ya tsaya kusa da shi. Ya ce shi ne. Ya nuna wani sarari a bayan fitila, ya buɗe yatsunsa ya auna tazarar.

"Nan ya kamata ya zauna, ranka ya daɗe. Taƙi biyu kawai. Gudun zai ɗan ragu, amma da mun wuce."

Sajan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya laluba ƙugu ya ciro ankwa. A bayansu mutum biyu suka wuce da gawar Auta a cikin tabarmar roba, ƙafarsa ɗaya na jan ƙasa. Maigareji bai juya ba. Yana ta yi wa sajan bayanin inda zoben zai kama, da irin bututun da ya dace a saya, har aka tura shi cikin motar sintiri aka rufe ƙofa.