Lefen Mansur Da Kantin Hajiya Laure

Yagaggen wando ne ya fara kai Mansur gidan su Juwairiyya. Birkila ne ɗan Damagaram, shekararsa biyu yana ɗora bulo a Tamanrasset, aka ce masa 'yar Malam Dogara, ɗan kasuwar nan na Katsina, tana ɗinki a zauren gidansu.

Ta ɗaga wandon ta duba gaba, ta duba baya.

"Malam, ɗinki kake so a yi wa wannan ko jana'iza?"

Ya yi dariya har ya manta da gaisuwa. "Ki taimaka, shi ɗai gare ni na zuwa shantiye, wurin gini."

Bayan kwana uku ya dawo da riga da maɓalli a hannu, wanda ko makaho ya shafa ya san da gangan aka tsinke shi. A zuwa na huɗu ta ce ya bar tufafinsa su huta, in magana ce da shi ya faɗa. Ya kuwa faɗa, yana kallon ƙafar keken ɗinkin.

Ba su ƙoshi da ganin juna ba aiki ya ɗauke shi zuwa In Amguel, wani gari can cikin hamada. Soyayyar ta koma cikin waya, wayar ma sai ya hau saman ginin da suke yi kafin ta kama.

"Tauraruwata, yau kamiyo goma sha ɗaya, manyan motocin kayan nan, suka wuce zuwa Tam. Kowace na ba ta gaisuwa ta kai miki. Ko ɗaya ta iso?"

"Ko ɗaya, Birkilana. Ka daina aiken direbobi, ka zo da kanka. Na yi kewarka har jiya na ɗinka hannun riga a wuya."

Kewar ta fi cinta da la'asar, lokacin da ya saba sallama. Sai ta tsayar da keken ta zuba wa ƙofa ido, ta san sarai ba zai shigo ba.

Malam Dogara bai ƙi Mansur ba, amma ya riga ya yanke shawarar mayar da iyalinsa Katsina bayan Babbar Sallah. Ya ce in an ɗaura aure kafin nan, Juwairiyya ta zauna da mijinta. In ba a ɗaura ba, da ita za a tafi.

Mahaifiyarta, Inna Sauda, ita ce ta kafe. Ta fi son Sadiƙu, ɗan ƙawarta mai shagon waya, wanda yayyensa mata huɗu ke garin.

"Mansur yaron kirki ne, ban musa ba," in ji ta. "Amma wa zai haɗa masa lefe? Lefe aikin mata ne. Shi ko kaza mace ba shi da ita a garin nan. Ba zan aurar da ke kamar an tsinto ki ba."

Maganar ta isa kunnen Mansur, ta yi masa zafi. Mahaifiyarsa ta rasu, ƙanwarsa tana can wani ƙauye bayan Damagaram. Sai ya ƙudurta zai haɗa lefen shi kaɗai, ya ba kowa mamaki.

A saman ginin nan ya ci karo da wani shafi mai suna Kantin Amare na Hajiya Laure, Dubai. Leshi, shadda, atamfa, dogayen riguna, komai rabin farashin kasuwa. Hajiyar kuwa bakinta zuma. Tana kiransa ɗana, ta ce ta ɗauke shi kamar ita ta haife shi. Maraya ya ji an ce ɗana, ai shi ke nan.

Sati biyu saƙonninsa suka ragu. Sadiƙu, wanda abokan aikin Mansur ke cajin waya a shagonsa in sun shigo gari, ya tabbatar labari ya kai zaure cewa Mansur ya samu wata Hajiya da yake hira da ita kullum.

Juwairiyya ta yi kuka ranar. Ta rubuta: "In ka samu wadda ta fi ni, ka faɗa mini da bakinka. Saura sati biyar a tafi da ni, kada ka bar ni ina ƙirga kwanaki a banza."

Amsar ta zo washegari da hantsi, tare da hoto.

"Subhanallahi, Tauraruwata! Hajiyar mai saida kaya ce, baliz ɗin lefenki nike haɗawa. Na san ba a gwada wa amarya lefenta, amma ba ni da wadda zan tambaya in ba ke ba. Wagga rigar ita ta hi shiga raina duk cikin kantin. Ta yi miki? Hajiya ta ce in ban aika kuɗin duka yau ba, rangwamen ya wuce. Ga ni bisa kamiyo, ina isa Tam zan aika."

Ta buɗe hoton tana murmushi da guntun hawayenta. Murmushin ya tsaya.

Doguwar riga ce ruwan zuma, da aikin zare a wuya, an rataye ta jikin shuɗin bango mai tsaga a gefe. Juwairiyya ta ɗaga kai ta kalli bangon zaurensu. Ga shuɗin, ga tsagar. A ƙasan hoton ma ga babban yatsanta da lalle, inda ta riƙe bakin rigar. Ita ta ɗinka ta bara, wa wata amarya, ta ɗora a sitatus.

Ta nemo shafin da sunansa ke jikin hoton. Kwanansa ashirin da buɗewa. An rufe wurin sharhi. Babu adireshi, kuma kowane hoto da irin ɗakinsa, wani tayil, wani siminti, wani kan gadon mutane.

Ta kira, ba ta shiga ba. Ta rubuta: "Kada ka aika ko sisi! Ɓarayi ne. Rigar nan ni na ɗinka ta, bangon zaurenmu ne. Ka ce ta kira ka ta bidiyo ta ɗaga rigar a hannunta. Ka ce sai kaya sun iso za ka biya. Don Allah, Mansur."

Saƙon ya tsaya bai shiga ba. Tsakanin In Amguel da gari akwai wuraren da waya ba ta da amfani sai duba lokaci. Guminsa na wata takwas ne a aljihunsa, in ya tafi babu lefe, babu aure kafin Sallah. Ta zauna riƙe da wayar, ta kasa ko zura zare a allura. Inna Sauda ta leƙo sau biyu, a na uku ta karɓi wayar ta karanta komai.

Ana kiran azahar aka yi sallama. Mansur ne, fari fat da ƙurar siminti.

"Ina bakin layin aika kuɗin rezo ya dawo, saƙonki ya shigo," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na ce ta kira ni ta bidiyo, ta ce kamararta ta lalace. Na ce in biya in kaya sun zo. Sai ta rufe ni." Ya kalli wayarsa. "Ɗana fa take ce mini."

Inna Sauda ta fito daga bayan labule. Ya durƙusa har ƙasa.

"Kai ne mai nuna wa amarya lefenta tun ba a kai ba? A garinku haka ake yi?"

"A gahurce ni, Inna. Ban da kowa ne."

Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta kalli bangon.

"Riguna nawa ne a shafin?"

"Sun hi ɗari."

"Duk cikinsu ka rasa wadda ta shiga ranka sai ɗinkin 'yata." Ta gyara mayafinta, idonta ya ciko. "Tashi. Gobe ni da Tani maƙwabciyarmu za mu shiga kasuwar Assihar, mu taɓa kowane yadi da hannunmu. Kuma kada in ƙara jin ka ce ba ka da kowa. In ɗana kake son ji, a bakina za ka ji shi."

Mansur ya sunkuyar da kai.

Saura kwana tara Sallah aka ɗaura auren. Malam Dogara ya haɗa hannayensu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, mata suka ɗauki guɗa. Amarya ta fito cikin doguwar riga ruwan zuma mai aikin zare a wuya, sabuwa, ta kwana huɗu tana ɗinka ta.

Mansur ya matso ya rage murya. "Wagga daga Dubai ta zo?"

"Daga zaure," ta ce. "Kuma ka ga mai kantin da idonka."